Jan Ɗigo a Hanyar Takanamat

A zamanin Alhaji Dodo, taron Litinin na kamfanin nono na Farar Ƙwarya tambaya guda gare shi, kuma Jibrilla ya ji ta har ya haddace yadda tsohon ke jan numfashi kafin ya yi ta. Alhaji zai naɗe ƙafafu a kan kujerar buro, wato ofishinsa, kamar wanda ke bisa tabarma, ya dubi direbobi da manyan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To, mi kunka jiyo a daji?" Wa ya haihu, wa ya rasu, rijiyar wane zango ta ƙafe, ina hadari ya sauke kayansa. Direban da ya dawo Tahoua da jarkoki cike da nono amma bakinsa wayam, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu. Ba a taɓa rubuta wa kowa cewa ya sauka daga mota ya gaida makiyaya ba. Duk wanda ya san za a nemi labari a bakinsa ranar Litinin, da kansa zai je ya zauna inda ake ba da shi.

Jibrilla shi ne mai kula da layin arewa, wato motar da ke bi ta Affala ta wuce zangunan da ke bayan Takanamat ta kwaso nono da cuku. Layin nan ba aiki ba ne kawai a wurinsa. Yana jariri mahaifiyarsa ta rasu a Affala, wata mata mai jin Tamashek, Tanna, wadda zangonsu ke kusa da garin a shekarar, ita ta shayar da shi tare da ɗiyarta. Har gobe Anna yake ce mata, yadda 'ya'yan cikinta ke kiranta. Lokacin da Alhaji ya so nonon arewa, matan zangunan nan sun ce su ba sa sayar da nono, abin kunya ne, nono baƙo ake ba. Jibrilla ne ya je ya durƙusa gaban Tanna har aka samo mafita: mota za ta zo a matsayin baƙuwa. Direba ya tsaya, ya kashe inji, ya sauko, a gaisa, a sha shayi, sannan mata su fito da nono yadda ake fito wa baƙo da shi, abin da kamfani zai bayar kuma a bayar da shi a mutunce. Ya yi mata alkawari da bakinsa cewa muddin yana kamfanin, mota ba za ta daina zuwa ba, kuma ba za ta zo da raini ba. A kan maganar nan Tanna ta riƙe matan zangunan shekara da shekaru.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Alhaji, babban ɗansa Attahir ya dawo daga karatu da aiki a ƙasashen bakin teku ya hau kujerar. Deje ake ce masa, yadda ake kiran babban darakta a ofisoshin garin. Mutum ne mai sanyin murya, mai sahun gaba a masallaci, wanda ko ƙuda ya faɗa masa a shayi ba za ka ji ya yi tsaki ba. Mutane suka ce Alhaji ya haifi ɗan kirki. Jibrilla ma haka ya ce, domin shi ma a lokacin bai san cewa akwai masu yanka da bayan wuƙa ba.

Deje bai kori kowa ba, bai canza sunan komai ba. Ya dai sa aka liƙa wa kowace mota wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, wadda direbobi suka raɗa wa suna magulmaciya tun ranar farko, aka kuma rataye wani babban allo mai haske a ɗakin taro. Kowace mota ɗigo ce a kan allon. Idan tana tafiya, kore. Idan ta tsaya, ruwan ɗorawa. Idan tsayuwar ta yi tsawo, sai ta koma ja. Ya yi bayani, kuma bayanin ba ƙarya a cikinsa: nono ba ya jira, rana na dukansa yana tsami, ga direbobin layin Barmou sun mai da motar kamfani ta haya, suna ɗaukar fasinja suna barci gindin itace. Ya kawo shawara cewa duk layin da ya yi ranar ja sau uku cikin wata guda a dakatar da shi har a sake duba lamarinsa, ya ce shi ba zai yanke shi kaɗai ba, sai wanda ya yarda ya ɗaga hannu. Jibrilla, wanda ya daɗe yana cike da direbobin Barmou, shi ya fara ɗagawa, har da gyara zama.

Daga nan taron Litinin ya samu sabuwar tambaya. Deje zai shigo, ya yi sallama, ya ɗora rahotannin nono a gefe, ya aza wayarsa a kansu, ya juya kujera wajen allo. Latifa, matashiyar da ke kula da na'urorin, za ta fito da tafiye-tafiyen mako. Sai ya nuna da bakin biro, a hankali.

"Malam Jibrilla, wanga jan fa?"

"Ranka shi daɗe, zangon su Tanna na. Gaisuwa a kai."

"Madalla. Gaisuwa ibada ta." Ya yi ɗan murmushi. "Wanga kuma fa?"

Iyakar abin ke nan. Ba faɗa, ba barazana. Bai taɓa tambayar nono nawa aka samu ba, balle ya ji wa ya haihu. Amma mutum ya tsaya gaban abokan aikinsa kowane mako yana bayanin ja, ana kallonsa kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunya, ai ko dutse ne zai yi laushi. Kafin a yi nisa kowa a kamfanin ya koma bawan kore. Direbobi suka daina tsayawa sayen goro. Wani ma sai ya kusa fashewa kafin ya kama ruwa.

Abin da ya fara tsaya wa Jibrilla a rai shi ne tsawon lokacin da aka ɗiba kafin ɗigo ya yi ja. Ya isa a loda jarkoki, bai isa ruwan shayi ya tafasa a kan gawayi ba. Ya tuna Attahir yana yaro ya sha bin mahaifinsa zangunan nan, ya zauna a kan tabarmar Tanna, ya san yadda ake jiran kofi. Jibrilla ya kori tunanin, ya ce zato zunubi ne.

Sadisu, direban layin arewa, shi ya gano dabara, kuma ya yi ta alfahari da ita a garejin kamfani. Ya lura magulmaciya ba ta san komai ba sai motsi. Saboda haka idan ya isa zango ba ya tsayawa. Sai ya sa giya ta ɗaya ya dinga kewaya bukkoki a hankali, kansa a waje ta taga yana rafka gaisuwa, "Ƙaƙa gida, ƙaƙa bisashe, lahiya lau, madalla," har mata su gaji su fito da jarkoki, ya ɗan taka burki a jefa su a baya, ya wuce. Layin arewa ya yi kore shar. Deje ya yaba masa a gaban kowa, ya ce ga direban da ya fahimci inda kamfani ya dosa. Sadisu ya kusa tashi sama don daɗi.

Jibrilla bai san yadda aka yi koren ya samu ba sai ranar da ya tsaya bayan Latifa ya ga sawun motar a allonta, layi miƙaƙƙe, sannan zobe, layi, sannan zobe, kowane zango da zobensa. A 'yan shekarun nan, a dajin arewa, motar da ke kewaya zango ba ta tsayawa ma'ana guda gare ta, kuma ba alheri ba ne. Irinta ce ta 'yan bindiga, wadda mata ke ɓoye yara idan sun hango, maza su koma bayan raƙuma su yi shiru. Ashe da tambarin Farar Ƙwarya a jikin ƙofa motarsa ke yi wa Anna irin wannan zagayen.

Nono ya fara raguwa. Wani zango ya tashi ba sallama, wani ya aiko da rabin abin da ya saba. Jibrilla ya kawo maganar a taro.

"Ranka shi daɗe, nonon arewa ya ragu ƙwarai."

"Allah shi kyauta," in ji Deje, bai ko dubi rahotannin da ke ƙarƙashin wayarsa ba. "Amma ka ga layinka, ba ja ko guda. Ku yi koyi da Malam Jibrilla."

A makon ne Jibrilla ya shiga babban sito neman jarkokin da aka wanke, ya tarar da wani tudu a lulluɓe da tamfol a kusurwa. Ya ɗaga gefe. Buhunan madarar gari ne, daga waje, an jera su har kusa da rufi, ga wani akwatin katako da sabon injin damawa a ciki ko kwance shi ba a yi ba. Yanzu ya gane. Deje so yake kamfani ya koma dama gari da ruwa a cikin birni, ba daji, ba zango, ba mota mai cin taya. Amma ba zai iya buɗe baki ya ce a rufe layin arewa ba, ubansa na kwance da rai, kuma duk ƙasar Adar ta san sunan Farar Ƙwarya a kan nonon makiyaya ya tsaya. Saboda haka ya zaɓi abin da zai dinga tambaya, ya bar sauran aikin ga mutanen da ke tsoron tambayar. Idan an yi kore, makiyaya su gudu da kansu. Idan an yi ja, dokar da kowa ya ɗaga wa hannu ta yi aikinta. Tsoro ya kama Jibrilla, irin wanda ke kama mutum idan ya gane ramin da yake ciki da hannunsa aka haƙa.

Ya kira Sadisu ya hana shi zagaye, ya ce ya tsaya ya sauka kamar da. Sadisu ya yi biyayya ba don ya so ba, tafiya biyu a jere, duka biyun suka fito jajur a allo, ga wata bai ko raba ba. Ranar Litinin Deje ya nuna su da biro, ya tambaya, ya ji amsa, ya ce madalla. Sannan ya juya ga Latifa ya ce, cikin muryar nan tasa mai sanyi, ta tuna wa kowa abin da aka amince a kan ja uku. Daga ranar Sadisu ya ce shi yana da iyali, ya koma tsayawa can bakin hanya yana danna oda, wanda zai kawo ya kawo.

A irin wannan tafiyar ne Sadisu ya dawo da saƙo. Ya sami Jibrilla a bakin famfo yana alwalar la'asar, ya tsuguna kusa da shi, ya rage murya.

"Tsohuwarka ta ce in hwaɗa ma. Ruwa sun sauka, manoma sun hwara shibka, kowa na ɗaurin kaya za a yi arewa da bisashe ran Juma'a. Ta ce matan sun ce kamfani ya raina su, ba su komawa kusa da hanya ko bayan damana. Ta ce in motag ga taz zo ran Alhamis tat tsaya ƙofar bukkarta, anka kashe ta, kas sauko kash sha shayi kowa na gani, ita ta san yadda za ta riƙe su. In ba haka ba, ta ce ba ta da bakin magana kuma."

"Ni ta ce in zo?"

"Kai da motar. Ta ce ba a kan babur ba, ba a motar kasuwa ba. Motar da tay yi rainin ita za ta zo ta duƙa."

Jibrilla ya ƙarasa alwalar bai san ko ya wanke ƙafa ɗaya sau biyu ba. Ya fara zuwa gidan Alhaji, yana tunanin ko kalma guda daga bakin tsohon ta isa. Ya tarar da shi a jingine da matasai, ido a buɗe, baki ya karkace, miyau na bin gemu ana share masa. Uwargidan ta tare shi a hankali ta ce likita ya hana a kawo masa maganar kamfani ko ta alheri ce. Ya riƙe hannun Alhaji mai sanyi, ya yi masa addu'a, ya fito, maganarsa na nan a cikinsa.

Washegari ya shiga buron Deje. An kunna na'urar sanyaya ɗaki har tana sa haƙori kaɗawa. Deje ya tashi ya tarbe shi, ya ba shi kujera, ya tambayi iyali. Jibrilla ya zayyana masa komai, bai ɓoye ko nonon da ya sha ba, sannan ya roƙi a yafe masa ja guda, na ranar Alhamis kaɗai.

"Malam Jibrilla," in ji Deje, "ka taɓa jin na hana wani tsayawa?"

"A'a, ranka shi daɗe."

"Ni ban hana kowa komi ba. Allo na, abin da ya gani shi ka nunawa. Doka kuma ba tawa ba ta, tamu ta. Ina tune da wanda yah hwara ɗaga hannu." Ya faɗe ta ba tare da ƙeta a fuska ba, abin da ya fi ƙetar ciwo. "In na ɗage ma taka, gobe mutanen Barmou su zo da tasu tsohuwa. Mi zan ce musu?"

"In ban tsaya ba, layin ya mutu. In na tsaya, kun dakatar da shi. To wace hanya anka bar min?"

"Dakatarwa ba kisa ba ta. Za a sake dubawa."

"Yaushe?"

Deje ya buɗe tafin hannu biyu, ya ɗan daga kafaɗa, ya ce komai na da lokacinsa a wurin Allah. Jibrilla ya so ya ambaci buhunan da ke sito, ya ga ba amfani, domin mutumin zai ce tanadin rani ne kuma ba mai iya ƙaryata shi. Har bakin ƙofa Deje ya raka shi, yana cewa ya gaida Tanna da kyau, ya ce mata yaron nan Attahir bai manta cukunta ba.

A baranda Latifa ta biyo shi da sauri, ta yi kamar tana gyara mayafi.

"Baba Jibrilla, na san abin da kake tunani. Can babu rezo, waya ba ta kamawa, amma magulmaciya tana riƙe komi a cikinta, da kun shigo inda waya ka kamawa za ta amayo shi duka. In kuma anka cire ta, ɗigon baƙi shika yi, wannan kora ta kai tsaye." Ta sunkuyar da kai. "Ni ba ni iya taɓa allon. Kullum da sahe Deje da kanshi shika buɗewa."

Ya ce mata Allah ya yi albarka, ta koma bakin aikinta.

Ranar Alhamis ya karɓi makulli daga hannun Sadisu ya ce ya huta, shi zai tuƙa. Ya bar kwalta tun da hantsi ya hau hanyar birji. Ƙasa ta sha ruwa ta yi duhu, ko'ina manoma ne a duƙe, miji na sara mata na jefa iri, gonaki sun matso har gefen burtali. Can arewa sama ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, ba iska, ba tsawa, tana nan dai a tsaye. Bayan Affala ya wuce wurin da wani zango yake a da, ba kowa sai da'irar toka da kashin awaki da turaku biyu da aka manta. Ya wuce na biyu, shi ma haka. A ƙarƙashin sitiyari 'yar fitilar magulmaciya na ƙyaftawa kusa da gwiwarsa, yana tuƙi yana jin ta kamar ƙaya a takalmi.

Duk hanya lissafi yake yi, kuma lissafin ba ya fita. Ya ce zai tsaya a taƙaice, ya sauka ya rungumi hannunta ya koma kafin ɗigo ya juya. Ya san wannan ya fi zagayen Sadisu muni, ɗa ya zo gaban uwa yana duban agogo. Ya ce to ya wuce kawai, ya ceci layin a allo, bayan damina ya bi su da ban haƙuri. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma a zangunan nan ba wanda ya san wani Deje, Jibrilla suka sani.

Ya hango zangon daga kan tudu. An riga an kwance rabin bukkokin, tabarmi a naɗe, sanduna a ɗaure, jakuna a tsaye da kaya a bayansu. Bukkar Tanna kaɗai ke tsaye cikakkiya a tsakiya. Da ƙarar mota ta isa, wata mata ta fizgi ɗanta ta tura shi bayan kaya, maza suka daina abin da suke yi. Ba wanda ya ɗaga hannu. Suka tsaya suna kallon ta inda motar za ta karkata ta fara zagaye.

Abin da ya gani ke nan ya yanke masa lissafi. Ya miƙe da motar har ƙofar bukkar, ya taka burki, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya mutu. Shirun da ya biyo baya har kukan wani ɗan akuya can nesa ana ji. Ya sauko, ya tuɓe takalma, ya durƙusa.

"Anna, na zo."

Tanna ta fito a hankali, ta tsufa fiye da yadda ya bar ta, baƙin mayafinta ya rina mata goshi da shuni. Ta ɗora hannu a kansa ta bar shi a nan.

"Ka rame," ta ce. "Ba su ba ka abinci a birni?"

Aka shimfiɗa tabarma, aka hura gawayi. Maza suka matso ɗaya bayan ɗaya, aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gida, ta bisashe, ta ruwa, ta gajiya, aka koma aka sake daga farko. Ya amsa kowace, bai gajarta ko ɗaya ba. Yana kallon butar shayi a kan wuta, ya san kafin ta fara huci abin da zai faru a cikin motar ya riga ya faru. Abin mamaki sai ya ji kafaɗunsa sun sauka. Ya sha kofin farko, mai ɗaci, ya ji daɗinsa har cikin ƙashi. Mata suka fara fitowa da nono da ba a roƙe su ba, wata ta kawo cuku a naɗe cikin tabarmar kaba, wata na yi masa tsiyar cewa tana tune da shi ba wando.

Da aka miƙa masa kofi na biyu, Tanna ta dafa sanda ta miƙe. Ta yi magana da Tamashek da ƙarfi yadda na bayan jakuna za su ji, shi kuma yana fahimta, ai da harshen ya fara kiran ruwa. Ta ce ga ɗanta nan, ga motar nan a kwance ƙofarta kamar raƙumin da aka guggurfanar, wa ya ce maganarsa ta faɗi? Ta ce samari su wuce arewa da raƙuma da busassun shanu, amma masu tatsa za su zauna nan kusa da hanya duk damina, ko da za a sayi dusa, ko da za a kwana ana korar su daga bakin gonaki, domin mota za ta dinga zuwa. Matan suka dubi juna, wata ta yi guɗa a taƙaice. Ɗiyar Tanna, wadda suka sha nono tare, ta nufi jakin farko ta fara kwance igiya.

Jibrilla ya zauna da kofi a hannu yana kallon igiyar na warwarewa. Ya san abin da zama a nan ke nufi: ciyawa kaɗan, gonaki ta kowane gefe, rigima da manoma kan kowace saniya da ta kuskure, samari kuma sun yi nisa ba mai tare musu. Duk wannan don motar da ranar Litinin za a ajiye ta a gareji a cire mata batir. Zai iya yin shiru ya tafi da mutuncinsa, a yi ta sa masa albarka har ƙurarsa ta ɓace. Bai taɓa jin son yin ƙarya irin na lokacin ba.

Ya ajiye kofin a kan tabarma.

"Anna," ya ce da Hausa, a hankali, "ki ce a bar kayan ɗaure."

Ta juyo ta dube shi.

"Ku bi samari. Ku tahi da masu tatsar duka. Motag ga ba ta sake zuwa."

"Wa ya hana ta?"

"Tsayawar da niy yi."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kalli motar, sannan matan da ta gama yi wa rantsuwa da sunansa, waɗanda suka tsaya cak da igiyoyi a hannu suna jiran a fassara musu. Ita za ta juya ta gaya musu, da bakin da ta yi alfahari da shi yanzun nan, kuma ya san bayan yau ba za su sake tsayawa don ta ce a tsaya ba.

"Ka sani tun kahin ka kashe ta?" ta ce.

"Na sani, Anna."

Ta gyaɗa kai. Ta kira ɗiyarta da suna, ta ce ta mayar da igiyar, a kwance bukkarta ita ma a ɗora. Matan suka fara janye jarkokinsu daga gefen mota ba tare da sun dube shi ba, iska ta farko mai sanyi ta taso daga wajen hadarin ta ɗaga gefen tabarma. Jibrilla ya yunƙura zai tashi ya kama musu aikin, ta ɗora masa sanda a gwiwa ta mayar da shi.

"Zamna," ta ce. "Baƙo ba shi kwance bukkar da anka sauke shi."